Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?



Kwanan baya, saura kamar minti biyar in shiga ɗakin watsa shirye-shirye in karanta labarun duniya na safe, sai injiniyan da ke kula da na'urorinmu, wani dattijon Bature mai yawan barkwanci, ya tarar da ni a bakin ƙofa riƙe da ɗan madubi ina zizara kwalli. Ya tsaya ya dube ni, sa'an nan ya ce, "Wai shin wa zai gan ki? Ai rediyo ne." Na yi dariya na shige, domin lokaci ya ƙure. Amma tambayar tasa ta bi ni har gida. Gaskiya ne, ba wanda ke ganina sai shi ta bayan gilashi. To, me ya sa ranar da na manta tandun kwallina a gida nakan ji kamar muryata ba ta zauna daidai ba?

Wannan ita ce maganar da za mu duba a yau, watau ko kwalliyar fuska tana ƙara wa mace ƙarfin gwiwa da walwala da ƙwazon aiki, ko kuwa ɓata lokaci ce da ɓarnar kuɗi kamar yadda waɗansu ke gani. Hausawa idan sun ga an sha wahala a kan abu kuma an ci riba, sukan ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Bari mu ɗauki karin maganar nan a kan ainihin ma'anarta, mu yi lissafi mu gani.

Tun kafin masana su shiga ɗakunan bincike, iyayenmu sun san akwai igiya tsakanin fuska da zuciya. Ku dubi mace mai takaba. Wata huɗu da kwana goma ba ta sa kwalli, ba ta ƙunshi, ba ta shafa turare, ba ta ɗaura kayan ado. Duk wanda ya shigo gidan ya gan ta, ba sai an gaya masa abin da ya same ta ba. Ranar da ta fita takaba kuwa, sai a yi mata kitso, a sa mata lalle, ta ɗaura sabon zane, 'yan'uwa su zo su yi mata barka. Da wannan ado ake shaida mata, ita da sauran jama'a, cewa lokaci ya yi da za ta koma cikin harkokin duniya. Haka mai jego ranar suna. Haka amarya a Sudan da Barno da Chadi, inda ake ɗaukar kwanaki ana yi mata dilka da halawa da turaren tsuguno. A ko'ina cikin waɗannan, ana gyara jiki ne domin zuciya ta bi sawu.

Abin da ya fi girgiza ni cikin duk abin da na karanta a kan wannan al'amari ya faru ne a ƙasar Jamus a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 15 ga Afrilu, 1945, sojojin Ingila suka shiga sansanin Bergen-Belsen, inda 'yan Nazi suka tsare mutane, galibinsu Yahudawa. Suka iske mutum wajen 60,000 a raye, yunwa da cuta sun cinye su, ga gawarwaki wajen 13,000 zube ba a binne ba. Wani hafsa na rundunar likitocin soja, Laftanar Kanar Mervin Willett Gonin, ya rubuta abin da idonsa ya gani, kuma rubutun nasa yana ajiye a gidan tarihin yaƙi da ke London. A ciki ya ba da labarin cewa ana tsakiyar neman magani da abinci da tufafi, sai ga tulin jan-baki an aiko cikin kayan agaji. Da fari shi da abokan aikinsa ransu ya ɓaci, domin ba abin da suka roƙa ke nan ba. Amma da aka raba, sai ya ga mata kwance ba zanen gado, waɗansu suna yawo daga su sai bargo a kafaɗa, leɓunansu jawur. Har ya ga gawar wata mace da guntun jan-baki damƙe a hannunta. A ganinsa, mutanen nan da aka mai da su lamba kawai, ɗan abin nan ne ya fara tuna musu cewa su mutane ne, kowace da sunanta da kamanninta.

Jan-baki bai warkar da kowa daga zazzaɓin da ya yi ta kashe mutane a sansanin ba. Amma wanda ya daina kula da fuskarsa sau da yawa ya fara fid da rai ne, wanda kuwa ya koma neman madubi ya fara sa ran gobe.

Gwamnatocin da ke yaƙin ma sun lura da haka. A Ingila an taƙaita yin kayan kwalliya ƙwarai tun daga 1940, amma ba a sa su cikin kayan da ake rabawa da kati kamar sukari da nama ba, kuma jaridun mata suna ta kira ga mata da su ci gaba da gyara fuska domin kada zukata su karaya. Da jan-baki ya yi wuya, waɗansu sai suka koma shafa ruwan wata jar saiwa da Turawa ke ci. A Amurka hukumar kula da masana'antun yaƙi ta ƙayyade yin kayan kwalliya a 1942, amma ba a yi 'yan watanni ba ta janye dokar. A lokacin mata da yawan gaske sun shiga masana'antun ƙera jirage da harsasai, sun maye gurbin mazan da suka tafi fagen fama, kuma hukumomi suna ganin duk abin da zai riƙe musu walwala to yana cikin kayan aiki.

Irin wannan tunani ne ya haifi wani shiri da aka kafa a Amurka a 1989, ya iso Ingila a 1994, mai suna Look Good Feel Better, watau gyara fuska ki ji daɗin rai. Mata masu ciwon daji ake tarawa, waɗanda magani ya zubar musu da gashin kai da gira, ya dusashe musu fata, a koya musu yadda za su zana gira su rufe tabo su ɗaura kallabi. Mace da ta yi makonni tana gudun madubi, ba ta son ko maƙwabta su gan ta, idan ta iya fita ta kai 'ya'yanta makaranta ba tare da kowa ya tsaya yana yi mata kallon tausayi ba, ai an rage mata wani nauyi.

To, wannan batun zuciya ke nan. Ina batun aiki? A 2017 wani masani, Rocco Palumbo, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai mata 186 a wata jami'a ta ƙasar Italiya. An kasa su kashi uku kafin su zauna wata jarrabawa ta gwaji a kan abin da aka ba su su karanta. Kashi na farko aka ce su yi kwalliya, na biyu aka sa musu kiɗa mai faranta rai, na uku aka ba su zanen fuska a takarda su shafa masa launi. Da aka duba takardu, waɗanda suka yi kwalliya su ne suka fi samun maki. Masu binciken ba su ce hoda tana ƙara basira ba. Abin da suka ce shi ne, wadda ta ji ta yi kyau takan shiga jarrabawa da natsuwa, natsuwa kuwa tana barin ƙwaƙwalwa ta yi aikinta. Sai dai mu tuna gwaji ɗaya ne, a wuri ɗaya, da 'yan mata masu kusan shekaru ɗaya, saboda haka kada wata ɗaliba ta ajiye littafi ta ɗauki ja-gira.

Ni kaina na ɗanɗani wani abu mai kama da wannan. Shekarar da na fara karatu a jami'a a nan Turai, hunturun farko ya same ni ba shiri. Fatata ta bushe ta yi furu-furu kamar ta wadda ta kwana a toka. Rana ba ta fitowa sai ƙarfe takwas, kafin la'asar ta faɗi. A ajinmu ni kaɗai ce baƙar fata, kuma duk kantin da na shiga a ɗan garin nan ban sami hodar da ta dace da launina ba. Sai na koma zama a kujerar baya, ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Wata rana ina kwance akwati sai na ci karo da tandun kwallin da kakata ta cusa mini a cikin kaya ranar da zan taso. Na sa, na dubi madubi, na ga fuskar da na sani tun ina yarinya. Ba zan ce kwallin ne ya ci mini jarrabawa ba, amma daga wannan mako na dawo layin gaba. Na tabbata da yawa daga cikin masu saurarona mata, ko a zangon Kumasi suke, ko a Jidda, ko a New York, sun san abin da nake nufi. A baƙon wuri, ɗan abin da ka saba yi wa kanka kowace safiya yakan zama tudun dafawa.

Ya zuwa nan ana iya cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da canji. Amma mai lissafin gaskiya ba ya duba shafin riba kaɗai. Duk abin da na faɗa a baya ya shafi abin da kwalliya ke yi a zuciyar mai ita. Akwai kuma abin da take yi a idon mai kallo, a nan ne maganar ta fara ɗaci.

A 2011 wata masaniyar halayyar ɗan Adam ta Jami'ar Harvard, Nancy Etcoff, ta jagoranci wani bincike. Aka ɗauki hotunan mata 25, kowace sau huɗu: fuska ba komai, da kwalliya 'yar kaɗan, da matsakaiciya irin ta zuwa ofis, da mai nauyi irin ta zuwa biki. Aka nuna wa mutane hotunan, waɗansu na ƙiftawar ido kawai, waɗansu kuma aka bar su su duba iya son ransu. Masu kallon suka ɗauki matan da ke da kwalliya a kan sun fi iya aiki, alhali kuwa mace ɗaya ce a duk hotunan huɗu, ba ta ƙara ko harafi ɗaya na ilmi tsakanin hoto da hoto ba. Wani abin lura kuma, waɗanda suka daɗe suna duban mai kwalliya mai nauyi sun rage amincewa da ita. Ya kamata in ƙara da cewa kamfanin Procter & Gamble, wanda a lokacin yake sayar da kayan kwalliya, shi ya ba da kuɗin binciken, mai talla kuwa ba ya kushe hajarsa.

Bayan shekara biyar, a 2016, waɗansu masana zamantakewa biyu na Amurka, Jaclyn Wong da Andrew Penner, suka duba bayanan mutum fiye da 14,000. Suka ga waɗanda ake ɗauka kyawawa suna samun albashin da ya fi na tsaka-tsaki da wajen kashi 20 cikin ɗari. Da suka tona, sai suka ga cewa a wajen mata kusan duk wannan bambanci daga gyaran jiki ya fito, watau kwalliya da gyaran gashi da sutura, ba daga halittar fuska ba. Wani zai ce ai wannan albishir ne, tun da kowace mace tana iya gyarawa. Amma juya maganar ku gani. Ma'anarta ita ce, ma'aikaciyar da ta zo ofis da fuskar da Allah ya ba ta, ta yi aikinta tsaf, ana iya rage mata hakki saboda abin da bai shafi aikin ba.

Wani lokaci ma abin yakan wuce ragi ya kai ga kora. Wata mata mai suna Darlene Jespersen ta yi wajen shekara ashirin tana aiki a wani gidan caca na kamfanin Harrah's a birnin Reno na Amurka, ba a taɓa kuka da aikinta ba. A 2000 kamfanin ya kafa doka cewa dole kowace mace mai irin aikinta ta shafa hoda, ta sa jan-baki, ta gyara gashin ido. Ta ce ta taɓa gwadawa, ta ji kamar an ƙasƙantar da ita, har ta kasa tsayawa da ƙafafunta a gaban masu ciniki. Ta ƙi, aka sallame ta. Ta kai ƙara, amma a 2006 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin gaskiya. Ku lura, jan-bakin da ya ɗaga kan matan Bergen-Belsen, irinsa ne ya sunkuyar da kan wannan mata. Abin da ya bambanta shi ne, waɗancan su suka miƙa hannu suka karɓa, wannan kuwa ɗora mata aka yi. Abubuwa sun ɗan sauya daga baya. A 2019 kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic ya soke dokar da ta tilasta wa ma'aikatansa mata na cikin jirgi yin kwalliya. A Koriya ta Kudu kuma, a 2018, 'yan mata da yawa suka yi ta farfasa kayan kwalliyarsu suna nunawa a intanet, suna cewa sun gaji da tashi da asuba domin gyara fuska kafin su tafi aiki.

Gajiyar tasu tana da dalili. Mace da ke ba madubi minti 30 kowace safiya, a shekara ta ba shi fiye da awa 180, watau sama da kwana 22 na aikin ofis. Idan tana jin daɗin wannan rabin awa, kamar yadda wani ke jin daɗin shan shayinsa a natse kafin ya fita, to ba ta yi asara ba. Idan kuwa tsoro ne ya zaunar da ita, to haraji take biya, harajin da ba a karɓa daga abokin aikinta namiji.

Akwai kuma asarar da agogo ba ya aunawa. A 1998 wata masaniya, Barbara Fredrickson, da abokan aikinta suka yi wani gwaji a Jami'ar Michigan. Aka sa ɗalibai, kowa shi kaɗai a ɗaki mai madubi, waɗansu su gwada rigar sanyi, waɗansu kuma kayan ninkaya, sa'an nan a ba su lissafi su yi. Matan da ke cikin kayan ninkaya sun fi na cikin rigar sanyi faɗuwa a lissafin, ko da yake ba mai ganinsu. A wajen maza ba a ga haka ba. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, hankali ɗaya ne, idan rabinsa ya tafi wajen tunanin yaya ake ganina, rabi ne ya rage wa aiki. Ashe kwalliyar da ke taimakon aiki ita ce wadda mace za ta yi ta manta da ita. Wadda za ta sa ta riƙa leƙa madubi kowane minti goma, tana fargabar ko hoda ta goge, wannan cin hankali take yi.

Kafin in rufe, dole in ja kunne a kan lafiya, domin kwallin nan da na yaba yana da nasa haɗari. Yawancin kwallin dutse da ake niƙawa yana ɗauke da dalma, dalma kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙananan yara. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, wanda aka sami dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa a ido, sai aka ga fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Amurka ba ta yarda a shigo da irin wannan kwalli ƙasarta ba. Ni ma tandun kakata na nan a jakata, amma abin da ke cikinsa yanzu na kanti ne wanda aka auna. Ina roƙon iyaye mata, don Allah a daina sa wa jarirai kwallin dutse. Haka nan man sauya launin fata, wanda wani yana ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, har ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Ghana da Ruwanda suka kafa dokokin hana ire-irensa. Mai shafa wannan ta wuce gyara fuskarta, ta shiga neman wata fuskar dabam, kuma ƙarfin gwiwar da aka gina a kan ƙin launin da aka haife ka da shi ba ya daɗewa.

To, ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? A ganina tana biya, idan mai ita ce ta zaɓa, ta yi daidai ƙarfinta, da kayan da ba za su cuce ta ba. Akwai wata 'yar jarrabawa da kowace mace za ta iya yi wa kanta. Ranar da kika makara, ko hoda ta ƙare, kina iya fita haka nan ki shiga aji ko ofis ko kasuwa, ki yi magana da cikakkiyar murya? Idan kina iyawa, to kwalliyarki baiwarki ce, ki ci gaba da morar ta. Idan kuwa sai kin fasa fita, to ita ce ta zama uwargijiyarki, kuma maganin wannan ba a kanti yake ba.

Ga maza kuma, musamman masu ɗaukar ma'aikata da shugabannin ofisoshi da malaman makaranta, binciken nan na hotuna gargaɗi ne a gare ku. Ido yana yanke hukunci kafin hankali ya zauna, saboda haka a auna mace da aikin da ta yi. Maigidan da ke yi wa matarsa gorin daɗewa a gaban madubi, shi ma ya tuna yadda yake ji ranar da ya karya hula ya saɓa babbar riga mai sitaci zai tafi ɗaurin aure. Tafiyarsa ma takan sauya.

Washegari na sami injiniyan nan namu na ba shi amsar tambayarsa. Na ce masa ni ce nake ganin kaina, kuma masu sauraro suna jin abin da na gani a cikin muryata. Ya gyaɗa kai, ya gyara ɗamarar wuyansa, wadda shi ma shekara da shekaru yake ɗaurawa kullum a ɗakin da ba mai ganinsa, ya ce mini saura minti ɗaya.

Masu sauraro, muna so mu ji ra'ayinku a kan wannan batu, musamman mata ma'aikata da ɗalibai, ku rubuto mana yadda abin yake a inda kuke zaune.